Waƙa a Bakin Mai Ita: Su Wane Ne Masu Waƙar Ɗankwairo?

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maganar gaskiya ce, sai dai ta bar mu da tambayar da ba mu cika yi ba: wane ne mai ita? A nan Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, muryar Alhaji Musa Ɗankwairo ba baƙuwa ba ce. Ana jin ta a shagon tela da teburin mai shayi, ana sa ta ranar naɗin sarauta, yanzu kuma ta koma cikin wayoyin samarin da ba su taɓa taka ƙasar Zamfara ba. A jikin kaset suna ɗaya aka rubuta, a waya ma suna ɗaya ke fitowa. Mu masu sharhi sai muka bi sahun masu sayar da kaset. Muna rubuta "hikimar Ɗankwairo" da "salon Ɗankwairo" kamar muna maganar mutumin da ya rufe kansa a ɗaki da alƙalami, ya fito da diwani. Duk wanda ya kasa kunne da kyau ya san ba haka abin yake ba. Hujjar da nake son kafawa ita ce, waƙar fada irin ta kotso aikin gida ce tun daga shirinta har zuwa rerawarta, kuma sharhin da ya ɗauki jagora ya watsar da gidansa, rabin waƙar kawai ya karanta.

Mu fara da gidan. An haifi Musa wajen 1909 a Bakura, cikin ƙasar da yau take Jihar Zamfara, ya kuma rasu a 1991. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa Maiganga ma makaɗi ne, sunan kaɗai ya isa shaida. Gidan ya san kiɗan noma, ya kuma shahara da kiɗan fada a ƙarƙashin sarautar Maradun. Tun yana ƙaramin yaro Musa ke bin mahaifinsa wurin kiɗi. Da Ɗankwanda ya rasu, ragamar ba hannun Musa ta faɗa ba. Wansa Kurna ne ya gaje ta, shi kuma ya zama na biyunsa, matsayin da makaɗan ƙasar Sakkwato ke kira Daudun Kiɗi. Ke nan mutumin da duniya ta sani a matsayin jagora ya kwashe shekaru masu yawa yana tsaye bayan wani, yana karɓa, yana cika maganar da wansa ya fara. Har laƙabin da ya yi fice da shi na aro ne. Abin da masu tarihin gidan suka ruwaito shi ne, mahaifinsa yana da wani yaro mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa sunan. Ashe duk lokacin da muka ce "Ɗankwairo", sunan wani na sahun baya muke ambata ba mu sani ba.

Manazarta sun daɗe da rarrabe makaɗan gado da makaɗan haye. Bature M. G. Smith, a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 kan zaman Hausawa, ya kawo kalmomin karda da shigege: sana'ar da mutum ya tashi ya tarar a gidansu, da wadda ya shiga da rana tsaka. Mun haddace wannan rabe-raben, muna maimaita shi a babin tarihin mawaƙi, sannan mu rufe babin mu shiga nazarin waƙa kamar gadon bai shafe ta ba. To gadon kuwa yana nan cikin ƙirar waƙar, ana jin sa da kunne.

A ɗauki kowace waƙarsa ta sarauta, ta Sardauna ce, ko ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ko ta 'Yandoton Tsafe, a saurara da niyyar ƙirga wanda ya furta kowace kalma. Abin da za a ji shi ne jagora ya ɗauko zance, kafin ya kai ƙarshe ya sake shi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su ƙara nasu a kai kafin su koma gindin waƙa. Wani lokaci jagora ya jefa kalma biyu ko uku kawai, su kuma su zuba dogon ɗa gaba ɗaya, shi yana binsu da 'yar rakiya. Da yawa daga cikinsu kuma su ne ke kaɗa kotson, wato hannu na aiki baki na aiki, kuma dole saukar hannu ta zo daidai da saukar magana. Irin wannan ba ya yiwuwa da mutanen da aka ɗauko haya jiya. Yana bukatar waɗanda suka zauna zaure ɗaya suka shirya waƙar tare, aka gwada, aka zubar da abin da bai zauna ba, wannan ya kawo kalma, wancan ya gyara karin, har kowa ya san inda numfashin ɗan'uwansa ke ƙarewa. Shi ya sa ƙungiyar ta kasance ta 'yan'uwa da 'ya'ya da yaran gida.

Wannan ƙira tana da ma'ana, kuma a nan ne sharhinmu ya fi yin asara. Idan mutum ɗaya ya ce sarki jarumi ne, da'awa ya yi. Idan ya fara faɗa, mutum biyar suka karɓe daga bakinsa suka ƙarasa da murya ɗaya, maganar ta koma kamar abin da kowa ya riga ya sani, jagora tuni kawai ya yi. Sarauta kuwa shaidu take so. Basarake ba ya bukatar a gaya masa asalinsa, bukatarsa ita ce a faɗe shi gaban jama'a ta hanyar da za ta nuna ba a gardama a kai. Haka abin yake ga zambo da habaici. Sau da yawa jagora kan shimfiɗa siffar ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, amma kalmar da ke yin ciwo, wadda ke sa fada ta fashe da dariya, bakin 'yan amshi take faɗowa. Wanda aka yi da shi ba shi da mutum ɗaya da zai riƙe. Taro ne ya yi masa dariya tun cikin waƙar, kafin taron waje ya taya.

A gwada wannan da Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, wanda kuma bai gaji kiɗa ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya yi ba. A waƙar Shata aikin 'yan amshi shi ne maimaita amshi, kalangu na tafiya, shi kuma yana ɗinka ɗiya nan take yadda ya ga dama. Idan mai sharhi ya rubuta "Shata ya ce", ya faɗi daidai. Idan ya rubuta "Ɗankwairo ya ce", a wurare da dama ya ba jagora abin da ba daga bakinsa ya fito ba. Abin mamakin shi ne hanyar rubuta waƙar baka da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yaɗa a littattafansa, wadda ɗaliban jami'o'i ke bi, tana nuna wannan a fili: ga layin jagora, ga layin 'yan amshi. Ɗalibi zai kwafe waƙar haka a ƙarshen kundinsa, amma da ya shiga sharhi sai ya manta da abin da hannunsa ya rubuta, ya tattara komai ya ɗora wa mutum ɗaya.

Na san abin da wani zai ce: ai kowane ayari da madugunsa, kuma gidajen makaɗa sun yi yawa a ƙasar Sakkwato da Zamfara, me ya sa ba kowannensu ya fitar da Ɗankwairo ba? Wannan gaskiya ne, kuma ba na neman a rage masa komai. Muryarsa tasa ce, siririya mai ratsa kiɗi, ba ta nutsewa ko kotso nawa ake kaɗawa. Raha da iya zaɓen lokacin da za a saki magana nasa ne. Sa'a da ƙarfin halin fita da kiɗin gidansu daga fada ɗaya su ma nasa ne. Ibrahim Narambaɗa ya yi kusan dukan rayuwarsa ta waƙa a jikin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ɗankwairo kuwa, bayan da aka haɗa shi da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya zama makaɗin da fadoji da dama ke kira. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta je ba, har ƙasashen maƙwabta. Bayan kisan Sardauna a watan Janairun 1966 bai koma gida ya zauna ba, ya ci gaba da zagaya sarakunan Arewa.

Amma sanin gidan ne ma zai ba mu damar auna abin da yake nasa. Kowane gidan kiɗa yana da rumbu: kirarin da ake yi wa mai sarauta, kamanta shi da giwa ko zaki ko dutse, hanyoyin jero kakanni, salon roƙon doki da riga, siffofin da ake yi wa maƙiyin sarki. Yaro yana tashi ya tarar da su kamar yadda ɗan maƙeri ke tarar da uwar maƙera. Makaɗin da ke yi wa sarakuna da yawa waƙa dole ya yi ta komawa rumbun nan, shi ya sa mai saurare zai ji siffa ɗaya ta tashi daga wannan sarki ta koma kan wancan. Mai sharhin da bai san rumbun ba kuskure biyu yake yi. Ya ɗauki tsohon kayan gida ya yaba shi a matsayin ƙirƙirar Musa, sannan ya wuce ainihin sabon abin bai gani ba, wato yadda aka ɗauki tsohon kirari aka sa shi ya ɗauki zancen Firimiya da mulkin kai da siyasar jam'iyyu, abubuwan da Maiganga bai taɓa mafarkinsu ba. Gwanintar ɗan gado tana tsakanin abin da ya tarar da abin da ya mayar da shi, kuma ba a auna tazara sai an san inda aka taso.

Akwai masu ganin duk wannan ruɗani rashin rubutu ne ya jawo shi, da makaɗanmu suna rubuta kiɗansu da an san na kowa. Don a gwada wannan zato, bari mu leƙa inda rubutun kiɗa ya daɗe da kafuwa, wato Ingila ta ƙarni na 18, mu dubi gidan Thomas Linley.

An haifi Linley a 1733, ɗan kafinta ne, ya koyi kiɗa a garin Bath, inda masu hali na Ingila ke zuwa hutu da wankan ruwan zafi. Ya zama malamin waƙa kuma mai shirya taron kiɗa na garin. Jarinsa mafi girma 'ya'yansa ne. Shi ya koyar da su tun suna ƙanana, ya riƙa fitar da su gaban jama'a, kuɗin wasan kuma hannunsa yake shiga. Elizabeth, wadda aka haifa a 1754, ta zama ɗaya daga cikin mawaƙan da aka fi so a ƙasar. Ƙanwarta Mary ma mawaƙiya ce. Ɗan'uwansu Thomas ƙarami, haihuwar 1756, gwanin gogen Turawa ne tun yana yaro. An tura shi Italiya ya yi karatu wurin Pietro Nardini a birnin Florence, inda a 1770 ya haɗu da Mozart, tsaransa na haihuwa, suka yi kiɗa tare suka ƙulla abota. Mai zane Thomas Gainsborough ya zana hotunan 'ya'yan gidan, mutanen zamanin kuma suna kwatanta gidan da sheƙar tsuntsaye masu daɗin kuka.

A 1775 aka fara nuna wasan kwaikwayo na waƙa mai suna The Duenna a dandalin Covent Garden na Landan. Surukin gidan, Richard Brinsley Sheridan, mijin Elizabeth, shi ya rubuta labarin. Kiɗan kuwa haɗin gwiwa ne: wani na uba, wani na ɗa, wani kuma tsofaffin karin waƙoƙi ne da aka aro aka gyara. Wasan ya karɓu ƙwarai, an nuna shi sau 75 a kakarsa ta farko. Ga takarda, ga alƙalami, ga maɗaba'a, amma duk da haka sai da manazarta na ƙarni na 20, irin su Roger Fiske, suka zauna suna bin tsofaffin takardu don rarrabe abin da uba ya yi da abin da ɗa ya yi. Thomas ƙarami ya nutse a wani tafki a Grimsthorpe a 1778, yana da shekara 22. Uban ya ga mutuwar Mary a 1787 da ta Elizabeth a 1792 kafin shi ma ya rasu a 1795. Bayan haka matarsa ta sa aka buga waƙoƙin uba da ɗa a haɗe. Rubutu bai raba abin da zaman gida ya cuɗa ba. Inda duk aka koyi sana'a a gaban murhu ɗaya, hannuwa sukan shiga juna, ko a Bath ko a Maradun.

Labarin Elizabeth yana da wani darasi na daban. Bayan aurenta da Sheridan a 1773, mijin ya hana ta waƙa a bainar jama'a don kuɗi, yana ganin hakan bai dace da matar mutum mai daraja ba. Muryar da ta ɗaga gidan ubanta ta koma cikin ɗaki tana da shekara goma sha tara kacal. Wannan ba baƙon labari ba ne a kunnen Bahaushe. Idan ana jero salsalar gidan kiɗa, daga uba ake gangarowa zuwa ɗa, mata ba sa shiga lissafi, alhali su suka yi renon masu muryar, su suka fara rera musu waƙa. Tarihin Narambaɗa ya isa misali: ta wajen uwa ya gaji kiɗa, mahaifinsa ba makaɗi ba ne. Da ta layin uba kaɗai ake bin gado, da an sa shi cikin 'yan haye. Maƙwabtanmu Dagombawa sun fi mu kula da wannan. A al'adar makaɗansu, waɗanda suke kira lunsi, ɗan 'yar makaɗi ma yana cikin masu ɗaukar kalangun kakansa, don kada ƙofar ta rufe ta ɓangaren mace.

Sai kuma batun magada. Bayan 1991 'ya'yan Ɗankwairo sun ci gaba da riƙe kiɗan gidan, kamar yadda aka saba. Amma sun gaji wani abu da babu wanda ya gada kafin su, wato muryar ubansu a kaset. Lokacin da Kurna ya gaji Ɗankwanda, muryar Ɗankwanda ta tafi tare da shi, abin da ya rage tunawa ce, ita kuwa tunawa tana da sassauci. Magaji yana iya canja kari, ya ƙara ɗa, ya rage ɗa, ba mai kunna masa uba ya ce ka kauce. Yau magaji yana tsaye a fili yana waƙa, a aljihun kowane mai saurare akwai ubansa yana rera waƙar nan ita-ita, cikin ƙarfin shekarunsa. Idan ya yi daidai da uban a ce kwaikwayo yake, idan ya canja a ce ya ɓata. Mun saba cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ga shi mun kafa wa ɗan barewar sharaɗin ya sa ƙafa daidai sawun uwarsa. Laifin masu sharhi a nan babba ne. Da mun koya wa masu saurare cewa waƙar ta gida ce, kowane zamani yana sa mata hannu, da sun saurari magada da kunnen neman abin da suka ƙara, maimakon kunnen ƙirga abin da suka gaza.

Me ya sa wannan magana ta dame mu mu mutanen Zango musamman? Saboda mu ne muka fi kowa sanin Ɗankwairo a matsayin murya maras gida. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo yawancinsu, ta hanyar Gwanja. Akwai Musulmi a Kumasi tun kafin Turawa su ci ƙasar, Bature Bowdich ya tarar da su a 1817, amma Zango ya cika ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta, da kuma bayan Ingilishi sun kama Kumasi a 1896. Waɗanda suka zo fatake ne da malamai da mahauta da tsofaffin sojoji. Makaɗa sun biyo su, don ba a sarauta ba kiɗa, ba a biki ba kalangu. Sai dai gidan kiɗan fada yana rayuwa ne da abubuwa uku: fada mai dogon tarihi da za a riƙa jerowa, ubangida mai ɗaukar nauyin iyali gaba ɗaya, da zama wuri ɗaya na tsawon zamunna. Zango kuwa, sunansa ma masauki ne. Sannan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, a watan Nuwamban 1969, ta ba waɗanda ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, ta kwashe iyalai da dama daga zangunan ƙasar, ta yanke zaren sana'o'i iri-iri. Cikin wannan giɓi rediyo da kaset suka shigo, suka ba mu manyan makaɗan Arewa a shirye, ba tare da zauren da aka shirya su ba.

Kuma ba don babu abin koyi kusa da mu ba. A fadar Manhyia, masu kaɗa atumpan da fontomfrom na Asantehene suna da matsayi sananne, ana koyar da na baya. Lunsi na Dagombawa, waɗanda muke haɗuwa da su a bukukuwan aure da suna a unguwanninmu, suna danganta kansu ga kaka ɗaya, Bizung ɗan Naa Nyagsi, kuma makaɗinsu yana jero salsalarsa da alfahari kamar yadda yake jero ta sarakuna. A wajenmu kuwa, yaron da kakansa ya yi wa sarkin zango kiɗa yakan ɓoye wannan asali, don ya san ranar neman aure za a tono shi a kira shi ɗan maroƙa. Muna kunna Ɗankwairo mu yi ta kaɗa kai, muna cewa ba za a sake irinsa ba, alhali muna raina irin gidan da ya haife shi idan muka gan shi a layinmu. Ɗaukaka jagora shi kaɗai ita ke ba mu damar yin wannan fuska biyu ba tare da jin kunya ba. Mun cire mutum ɗaya mun ce baiwa ce daga Allah, saura kuma mun bar su a matsayin maroƙa.

Doka ma ta bi wannan hanya. A Ingila, tun 1777, a shari'ar da Johann Christian Bach ya kai kamfanin Longman, kotu ta tabbatar da cewa kiɗan da aka rubuta yana da haƙƙin mallaka kamar littafi. Shi kansa Bach ɗan babban gidan kiɗa ne na Jamus, amma abin da kotu ta gani mutum ɗaya ne da aikinsa. Dokokin da ƙasashenmu suka gada a kan wannan tubali aka gina su. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta san mawallafi mai suna, ta kuma san kayan gargajiya na al'umma, waɗanda ta damƙa amanarsu ga Shugaban Ƙasa a madadin jama'a. Gidan kiɗa ya faɗa tsakani. Waƙarsa ba ta mutum ɗaya ba ce, ba kuma ta kowa da kowa ba ce. Ɗan amshin da ya kawo layin da ya fi kowane daɗi a waƙa, ya rera shi shekara talatin, ba shi da suna a kaset, ba shi da kaso a intanet, ba shi da ko layi ɗaya a kundin digiri.

Gyaran doka ba a hannunmu yake ba, amma gyaran sharhi a hannunmu yake. Mai nazarin waƙar kotso ko taushi ya faɗi wanda ya furta layin da yake yabo, jagora ne ko 'yan amshi, ya kuma tambayi kansa me ya sa aka ajiye shi a wannan baki. Ya saurari abin da ya samu na Kurna kafin ya yanke hukunci kan Musa, ya saurari 'ya'yan Musa kafin ya ce kiɗan ya mutu. Wanda ya samu zuwa Maradun ya nemi sunayen waɗanda suka tsaya bayan jagora, da dangantakar kowannensu da shi, ya rubuta. Mu kuma na Kumasi aikinmu ya fi kusa. Tsofaffin masu kalangu da masu goge da zabiyoyin da suka raya bukukuwan iyayenmu suna nan cikin unguwanni, wasunsu sun ajiye sana'ar, wasunsu 'ya'yansu sun koma waƙar situdiyo ba sa ambaton inda suka fara jin kari. Wayar da muke sauraren Ɗankwairo da ita tana ɗaukar magana. A je a gaishe su, a tambaye su wa ya koya musu, shi kuma wa ya koya masa, daga wane gari aka taso, wace waƙa ce ta gidan, wa ya ƙara mata me. Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cikin kowane kaset, tana bakin mutanen da shekarunsu suka ja, kuma duk wanda aka kai makwanci cikinsu da tasa yake tafiya.